Daga Yamai Zuwa Monreyal: Awa 11 da Rabi

A wani ƙauye arewa da Maraɗi akwai wani dattijo mai bishara wanda ya yi shekara fiye da 40 cikin aikin Ubangiji. Mutanen wurin, Kirista da Musulmi, Malam suke ce masa. Shi ya koya wa yawancin magidantan ƙauyen karatun Hausa a rumfar majami'a. Shi ake kira in an yi haihuwa, shi ake kira in an yi rashi, shi ne kuma mai shiga tsakani in ƴan'uwa sun saɓa a kan iyakar gona. An san shi da haƙuri. Duk da haka ya yi kusan shekara uku yana riƙe da ɗiyarsa a zuciya, abin da ya ɗaure riƙon nan kuwa wani ɗan lissafi ne da ya rubuta da hannunsa a bangon Littafinsa Mai Tsarki: awa 11 da rabi.

Ɗiyar nan ita ce ƴar farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, har bayan ta girma ta yi karatun aikin jinya a Yamai. A shekarar 2016 ta yi aure, mijinta kuma ya sami wurin ƙaro karatu a Kanada, a birnin Monreyal, inda Faransanci ne harshen gari. Da aka sa ranar tafiya, uwar yarinyar ta daina cin abinci sosai. Ba ta ce kada a tafi ba, sai dai kullum da dare takan tambayi mijinta, "Malam, wai ina ne wurin nan? Ya fi Makka nisa?" Shi kuwa bai sani ba. Wata rana da yamma sai ya ɗauki sandarsa ya tafi wurin mushen da ke koyarwa a makarantar ƙauyen, ya ce ya gwada masa.

Mushe ya ɗauko ƙwallon duniya na aji, ya tsinko zare. Ya danne bakin zaren a kan Yamai da ɗan yatsa, ya ja ɗaya bakin har Monreyal, ya miƙe shi sosai. Ya ce, "Baba, ka ga hanyar da zaren nan ya bi? Ita ce mafi gajarta. Da yake duniya a mulmule take, in aka zana hanyar nan a taswirar da ke shimfiɗe a bango sai a ga ta lanƙwasa kamar baka, alhali kuwa a miƙe take." Sa'an nan ya duba salularsa ya karanta masa lissafin. Daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai zuwa filin Trudeau a Monreyal wajen kilomita 7,850 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na kewayen duniya, wanda yake kilomita 40,000. Amma ba jirgin da ke tashi daga Yamai ya sauka can kai tsaye. Sai an canja a hanya. Wanda ya bi ta Kasablanka a ƙasar Maroko zai yi kilomita 2,400 cikin awa uku da rabi, daga nan ya ƙetare tekun Atalantika, kilomita 5,700, cikin wajen awa takwas. Jimla kilomita 8,100, awa 11 da rabi a sama.

Malam ya yi shiru yana nasa lissafin. Ya san hanyar Maraɗi zuwa Yamai, kilomita 660 ce. Motar da ta bar tasha da asuba, ta bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ba ta isa sai rana ta yi sanyi, awa goma ko sha ɗaya. Ashe wurin da yarinyar za ta ya ninka Yamai nisa sau 12, amma lokacin tafiyar ɗaya ne. Ya komo gida da murna ya gaya wa matarsa. Ta sa ya maimaita, sa'an nan ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba, ta ce, "Ashe bai fi zuwa Yamai ba! In na yi ciwon kai da safe, kafin dare tana nan." A daren nan ne ya rubuta lissafin a bangon littafinsa, suka yi addu'a, suka gode wa Allah da ya sa nesa ta zo kusa.

Shekara shida ana gaisawa ta salula. Da farko uwar takan kira da sassafe kafin ta hura wuta, sai ta ji muryar barci, gama ƙarfe bakwai na safe a Maraɗi ƙarfe ɗayan dare ne a Monreyal. A hankali suka gane cewa agogon can yana bayan nasu da awa shida lokacin sanyi, awa biyar kuma daga watan Maris zuwa farkon Nuwamba, domin mutanen can suna tura agogonsu gaba su komo da shi baya sau ɗaya a shekara. Ɗiyar ta sake karatu ta sami aiki a wani asibiti. Ta sa aka rufa wa iyayenta ɗaki da kwano, ta biya wa ƙannenta makaranta. Sau ɗaya ta zo gida cikin shekarun nan, gama kuɗin tikitin zuwa da komowa ya kai kuɗin bijimi biyu.

A watan Maris na 2022, zafi ya fara, uwar ta kwanta. Aka kai ta asibiti, likita ya duba ya kira Malam gefe ya ce a sanar da ƴaƴanta. Ran Talata da dare Malam ya kira ɗiyarsa da kansa, abin da bai saba yi ba, ya ce, "Jikin uwarki ya yi tsanani. Ki taso." Ta ce, "To, Baba." Da ya koma bakin gado ya gaya wa maras lafiyar, sai ta girgiza kai ta ce, "Ku bar ta, kada ta taso." Ya ɗauka zazzaɓi ne ke magana. Ya duba agogonsa ya fara ƙirga. Laraba ta wuce yana leƙen ƙofar asibiti. A tsakiyar daren Alhamis salula ta yi ƙara. Ya ji muryar ɗiyarsa cikin kuka, a bayanta kuma hayaniyar mutane da amon lasifika. Ta ce, "Baba, ba zan samu zuwa ba." Ya jira ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Ya ce, "To," ya kashe. Ran Jumma'a da hantsi uwar ta huta. Saboda zafi ba a jinkirta ba, kafin rana ta faɗi aka binne ta. Ƴan'uwa sun zo daga Tasawa, daga Damagaram, har daga Kano. Ƴar fari ce kaɗai ba ta.

Malam bai yi faɗa ba, bai kuma faɗa wa kowa abin da ke ransa ba. Amma duk sa'ad da ya buɗe littafinsa idonsa yakan faɗa kan lissafin nan. Daga daren Talata zuwa safiyar Jumma'a awa 60 ce da wani abu. Mutum zai je Monreyal ya komo, ya sake zuwa ya komo, in lissafin mushe gaskiya ne. Hayaniyar da ya ji a salula kuma ta tsaya masa a rai, ya ce a zuciyarsa wurin biki take. Bayan mako uku aka aiko cewa ta haifi ɗiya mace, an kuma mayar da sunan marigayiya. Ya sa albarka da baki. A ransa kuwa ya ce, uwarta da cikinta ta yi ta surfe da ɗaukar ruwa har ranar da ta haife ta, zama a kujera na awa 11 ne zai gagare ta? Ƙaninta ya so ya yi masa bayani sau biyu, sau biyun kuma Malam ya ɗauki butarsa ya fita. Ita kuma kunya ba ta bar ta ta yi wa mahaifinta zancen ciki ba. In ta kira, gaisuwa ce kawai: ina gajiya, ina gida, ina aikin ikkilisiya, sai an jima.

Cikin wannan hali ya ci gaba da aikinsa. Yana wa'azi, yana raba Jibin Ubangiji, yana zaunar da masu husuma ya karanta musu Matiyu sura 5 da sura 18, ya ce su shirya tun rana ba ta faɗi ba. In ana zancen ƴaƴan da suka tafi Libiya ko Abijan suka manta gida, yakan ce zumunta a ƙafa take, mutane su ɗauka wa'azi yake yi, alhali da mutum ɗaya yake. Shi kansa bai kira abin nan da sunan zunubi ba. Yana ganin shi aka yi wa laifi, shirun da ya yi ma haƙuri ne.

A damunar 2023 ɗiyar ta aiko cewa ta sami hutu, ta sayi tikiti, za ta kawo jika a watan Agusta. Sai ga juyin mulki na ranar 26 ga Yuli. Aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, ranar 6 ga Agusta kuma aka rufe sararin samaniyar Nijar, ba a buɗe wa jiragen fasinja ba sai ranar 4 ga Satumba. Kafin nan hutunta ya ƙare. Wannan karon Malam ya ji labarin a rediyo da kunnensa, ba ta wurinta ba. Ya zauna a gindin bedi yana tunani. Yamai tana inda take, Monreyal tana inda take, zaren mushe bai ƙara tsawo ko da taƙi ɗaya ba, amma ko mai buhun kuɗi ba shi da hanya. Abin ya ɗan taɓa shi. Sai dai bai kai ga saki ba, ya ce wancan karon ai hanya a buɗe take.

Da shekara ta kewayo, sai surukinsa ya roƙe shi ya zo ya yi Kirsimati tare da su. Ya ƙi. Dattawan ikkilisiya suka taru suka ce, "Malam, kai ke ce mana zumunta a ƙafa take. To, ga ƙafa an ba ka." Ba shi da amsa, sai ya yarda. Nan ya fara ganin abin da bai shiga lissafin mushe ba. Ya je Yamai neman fasfo, ya komo, ya sake komawa. Aka nemi takardar haihuwa, aka nemi takardar gayyata, aka nemi shaidar cewa zai komo gida, aka ɗauki hoton yatsunsa. Daga ranar da ya fara zuwa ranar da biza ta fito, wata bakwai. An yi shuka, an yi noma, an yanke hatsi an kai rumbu, bai ko ga jirgin da ido ba.

Ya bar ƙauye ran Litinin da la'asar a bayan kabu-kabu, ya kwana Maraɗi. Talata da asuba ya shiga mota, ya isa Yamai da magariba, ƙafafunsa sun kumbura. Ya huta Laraba a gidan ɗan ƙanensa. Da tsakar dare aka kai shi filin jirgi, aka auna kaya, aka duba takardu, aka sa ya cire agogo da ɗamara, ya zauna jira. Jirgin ya tashi kafin asuba, ya bi ta kan hamada cikin duhu, ya sauka a filin Muhammadu na Biyar a Kasablanka gari na wayewa. Agogon Maroko da na Nijar ɗaya ne a lokacin, bai taɓa nasa ba. Can ya wuni a kan kujerar ƙarfe, awa tara, ba ya jin Larabci, Faransancinsa kuma na gaisuwa ne, yana riƙe da takardar da surukinsa ya rubuta masa, yana nuna wa duk mai rigar aiki. Ga jirage birjik a bayan gilashi, amma nasa ɗaya ne, yana da sa'arsa, ba kuwa zai tashi domin wani yana sauri ba.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma babban jirgin ya tashi. Ba a jima ba ƙasa ta ƙare, sai ruwa. A bayan kujerar da ke gabansa akwai ɗan allo mai nuna taswira, wani saurayi ɗan Mali da ke kusa da shi yana karanta masa: suna tafiya kilomita 850 a awa, sun yi sama kilomita 11, sanyin waje ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Layin da ke kan allon ya lanƙwasa ya yi arewa, daidai yadda mushe ya faɗa. Abin da ya fi ba shi mamaki rana ce. Da yake yamma suka nufa, suna bin ta a baya, sai ta rataye a gefen sama ta ƙi faɗuwa, jan magariba ya daɗe har ya tuna da labarin Joshuwa. Awa ɗaya ruwa, awa biyu ruwa, awa biyar ruwa. Ba gari, ba itace, ba inda za a ce wa direba ya tsaya.

A kan ruwan nan ne wani labari da ya sha faɗa a majami'a ya komo masa. Samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka, sun ƙetare wannan teku a jirgin ruwa, suka bi ta Ingila, suka sauka Legas a watan Disamba na 1893 da nufin kai bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran ƙasashen nan a lokacin. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Daga wannan farko ne aikin ya tsiro, har ya kai Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru kuma ya iso Tsibiri kusa da Maraɗi. Uwar Gowans tana Toronto sa'ad da ɗanta ya mutu. Ba ta riƙe hannunsa ba, ba ta tsaya a bakin kabarinsa ba, labarin ma sai daga baya ya same ta. Malam ya sha yabon matar nan a gaban jama'a. Bai taɓa cewa rashin zuwanta rashin ƙauna ne ba. Ya ji tunanin yana so ya kai shi wani wuri, sai ya rufe ido ya yi kamar barci.

Da suka sauka, agogonsa ya nuna sha biyun dare, na bangon filin jirgin kuwa ƙarfe shida na yamma. Ya ƙirga da yatsa. Daga la'asar ɗin Litinin zuwa tsakar daren Alhamis, kwana uku da sulusi, awa 80, shi da ya riga ya sami tikiti da biza a hannu, ba kuma abin da ya lalace a hanya. Awa 11 da rabi tana ciki, gaskiya ce, amma ita ce ƙarama a cikin tafiyar. Ɗiyarsa ta durƙusa a kan tayil ta gaishe shi, ta sa masa wata riga mai nauyi kamar bargo. Ya amsa gaisuwar yana duban gefe. Jikar kuwa, mai shekara biyu da wata takwas, ta ɓuya a bayan uwarta tana leƙensa da idanun kakarta. Ya ce, "Amarya, ba ki san angonki ba?" Ita ce ta fara sa shi dariya a ƙasar nan.

Ran Lahadi suka je sujada a wata ƙaramar ikkilisiya ta ƴan Afirka. Bayan an tashi, wata tsohuwa ƴar Garwa ta ƙasar Kamaru, mai jin Hausa sarai, ta zo ta zauna kusa da shi. Da yake tsararsa ce, ba kunya a tsakaninsu. Ta yi masa gaisuwar rashi ko da yake an daɗe, sa'an nan ta ce, "Malam, ni na kai ɗiyarka filin jirgi ran nan. Ban taɓa ganin kuka irin nata ba." Ya ce, "Wace rana?" Ta dube shi, ta gane bai sani ba, sai ta faɗa masa duka. Da ya kira ran Talata, ɗiyar ba ta kwanta ba. Zumuntar mata suka haɗa mata rance, ta sayi tikitin da ya rage na ran Laraba da dare da tsada, ta cika jaka da magunguna da zane biyu na uwarta. A wurin auna kaya ma'aikaciyar ta dubi cikinta ta nemi takardar likita. Takardar ta nuna mako 37. Yawancin kamfanonin jirage ba sa ɗaukar mace mai ciki da ta wuce mako 36, domin in naƙuda ta taso a tsakiyar teku ba asibiti kusa. Ta roƙa, ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ta ce uwarta ce ke bakin mutuwa, har ta durƙusa. Aka ba ta haƙuri, aka ce doka ce. Ta zauna a benci ta ƙi tashi har aka yi shelar jirgin, har ya tashi. Daga kan bencin nan ta kira mahaifinta.

Malam ya tuna da lasifikar da ya ji, wadda ya ce ta biki ce. Ya tuna da maganar matarsa a gadon asibiti, ya gane ba zazzaɓi ba ne, ita ta san watan ɗiyarta. Ya tuna da ruwan da ya gani da idonsa, awa biyar ba tudu. Da an bar ta ta shiga ma, da sa'ad da ake binne uwarta tana cikin mota wajen Ƙonni, da cikin wata tara, a zafin Maris. Ya ce wa tsohuwar, "Na gode, Allah ya sāka." Bai iya ƙara kome ba.

A daren nan barci ya ƙi zuwa, dama tun isowarsa jikinsa na bin agogon Maraɗi, ƙarfe ukun dare yakan farka. Ya fito ya tarar da ɗiyarsa a ɗakin girki tana dama masa kunu da geron da ya kawo, kafin ta tafi aikin safe. Ya tsaya a bakin ƙofa. Mutumin da ya shirya ɗaruruwan mutane bai san ta inda zai fara ba. Can ya ce, "Ɗiyata, an gaya mini abin da ya faru a filin jirgi. Na yi miki shari'a ban tambaye ki ba. Na yi zunubi ga Allah, na yi miki laifi. Ki gafarta mini." Ta saki ludayi ta durƙusa, ta ce, "Baba, don Allah kada ka faɗi haka. Ni ce ban gaya maka ba." Ya ce, "Ko kin so faɗa, ban ba da kunne ba." Suka yi kukan da ya kamata su yi tare tun a 2022. Sa'an nan ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, a cikin addu'ar kuma ya ambaci sunanta a gaban Allah, abin da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Da safe ta ɗauko zanen nan biyu, har yanzu a naɗe cikin jakar, ta ce ya kai wa ƙanwar uwarta.

A watan Janairu na 2025 ya komo. Jirgin ya ƙetare teku cikin wajen awa bakwai, ya rage kusan awa guda a kan na zuwa, alhali nisan bai canja ba. Surukinsa ya riga ya bayyana masa dalili: can sama inda jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa kullum daga yamma zuwa gabas, wani lokaci gudunta ya fi kilomita 200 a awa, musamman da sanyi. Mai zuwa Kanada yana karo da ita, mai komowa kuwa tana tura shi. Motar Yamai zuwa Maraɗi dai ba ta rage kome ba, awa goma cur.

Lahadin farko bayan komowarsa ya tsaya a gaban ikkilisiya ya karanta Luka sura 15, labarin uba da ƴaƴansa biyu. Ya ce shekara 40 yana wa'azi a kan labarin nan yana sa kansa a wurin uban, ashe babban ɗan ne shi, wanda ya tsaya a waje yana lissafi ya ƙi shiga gida. Ya faɗa musu abin da ya yi, bai rage ba, ya ce ya raba musu Jibin Ubangiji da hannun da ke riƙe da ƴarsa, ya roƙi gafararsu. Wata mata da ɗanta ya shekara biyar a Aljeriya bai zo jana'izar ubansa ba ta fashe da kuka. Bayan sujada ta roƙi a kira mata shi.

Mai karatu, gidaje kaɗan ne yau a ƙasashen nan da ba su da wani a nesa, ko a Kwatano, ko a Tamanrasat, ko a Turai. Salula ta sa ana jin muryarsu kamar suna bayan danga, kowane yaro kuma zai iya duba maka kilomita nawa ne, awa nawa ne. Lissafin nan ba ƙarya ba ne, amma ba ya ƙirga biza, ba ya ƙirga rance, ba ya ƙirga maigidan da ya hana hutu, ko iyakar da aka rufe, ko abin da kunya ta hana a faɗa. Gani ya kori ji, sai dai ba kowa ne zai sami tikiti ya je ya gani kamar Malam ba. Tambaya kuwa ba ta da tsada. Wanda yake riƙe da ɗa ko ɗan'uwa saboda bai zo ba, bari ya kira shi ya ce, me ya hana ka? Ya kuma yi shiru ya ji amsar har ƙarshe. In ma ta tabbata laifi ne, Almasihu bai jira masu laifi su kama hanya ba, shi ya taso ya zo inda suke.

Malam bai goge lissafin da ke bangon littafinsa ba. A ƙarƙashinsa ya ƙara layi biyu: wata bakwai, da awa 80. Kowace Asabar da ƙarfe ɗaya na rana, in lokacin sanyi ne, yakan zauna a gindin bedi ya kira Monreyal, gama ya san can ƙarfe bakwai ne na safe, ɗiyarsa ta tashi, amaryarsa kuma tana jira ta gwada masa Hausar da ta koya cikin mako.